Sharhi Kan Jarraba Na'urorin da Ke Kashe Injin Tarakta Idan Hatsari Ya Taso

Kowane sashe na jikin tarakta, idan ya lalace, da bakinsa yake kai ƙarar kansa wurin direba: taya in ta sace sai a ga abin hawan ya karkata, kuloci in ya cinye sai a ji yana zamewa a kan hawa, fitila kuwa in ta ƙone, daren farko ne zai tona asirinta. Amma akwai wani jinsi na kayan inji wanda hukuncinsa ya saɓa wa wannan, domin ba ya motsawa sai ranar da wani abu dabam ya riga ya ɓaci, kuma tsakanin ranar da aka ɗaura shi da wannan rana, ko da shekara biyar ce, lafiyarsa da mutuwarsa kamanninsu ɗaya ne a idon mai kallo. Waɗannan su ne na'urorin da aka ɗora wa amanar kashe inji da kansu idan baƙin mai ya yanke, ko ruwa ya tafasa, ko gudun inji ya wuce haddi, ko direba ya bar kujerarsa alhali ƙarfe yana juyawa a bayansa. Misalinsu misalin maigadi ne wanda maigida bai taɓa leƙawa da dare ya ga ko idonsa biyu ba. Shekarun da aka yi ba a yi sata a gidan ba, iyakar abin da suke tabbatarwa shi ne ɓarawo bai zo ba tukuna.

Taraktocin da wannan magana ta shafa su ne masu jan kwantena a tashoshin jiragen ruwa, da masu tura jirgin sama a filin jirgi, da katafilolin gina hanya da madatsun ruwa, da waɗanda ke aiki a wuraren haƙar ma'adinai da matatun mai, har ma da taraktar noma idan aka girke ta wuri ɗaya tana juya famfon ban-ruwa ko injin casa, direba kuwa ya koma inuwa. Kusan dukansu da man dizal suke aiki, kuma daga ɗabi'ar wannan inji mas'alar ta samo asali.

Injin fetur yana buƙatar tartsatsin fulogi kafin mai ya kama, saboda haka in aka murɗa makulli aka ɗauke wuta, take ya mutu. Injin da Rudolf Diesel ya kammala a garin Augsburg na Jamus a 1897 ba shi da fulogi ko ɗaya. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da mai, da zarar an fesa shi, zai kama da kansa. Ke nan muddin akwai iska, akwai kuma wani abu mai ƙonewa, to babu makullin da ya isa ya tsayar da shi, sai dai a yanke masa mai ko a toshe masa numfashi. Wanda ya taɓa tuƙa tsofaffin Massey Ferguson zai tuna wannan ɗan maballi da ake ja a kusa da sitiyari, a riƙe har inji ya mutu. Waya ce ta ƙarfe take tafiya zuwa famfon mai ta rufe shi. Daga baya aka maye gurbin hannun direba da ɗan bawul mai aiki da maganaɗisun lantarki, wanda kanikawa ke kira solonoyid, kuma da zuwansa ya yiwu a ɗaura masa ma'aunai waɗanda za su ba da umurnin kashewa ba tare da jiran mutum ba.

Fikirar ta girmi yawancin taraktocin da muke gani. A 1939 wani Ba'amurke mai suna Frank Murphy, ganin yadda injuna ke ƙonewa a filayen haƙar mai saboda an bar su suna aiki babu kowa a kansu, ya haɗa agogon auna ƙarfin baƙin mai da makunnin lantarki a jiki ɗaya, ta yadda idan allura ta sauko ta taɓa wani ɗan ƙarfe da aka saita, inji zai tsaya. Kamfaninsa ya zauna a garin Tulsa, kuma har yau ana samun irin agogunansa a kan janareto da famfuna da taraktoci a ƙasashe da yawa.

Duk yadda tsarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, silsila ce mai gaɓa uku: abin da yake ji, wato ma'aunin zafi ko na ƙarfin mai ko na gudu, abin da yake yanke hukunci, ko ɗan rile ne ko kwamfutar inji, sai abin da yake zartarwa, wato bawul ɗin da ke rufe mai ko iska. Tsakaninsu kuma akwai wayoyi da fis da mahaɗai, waɗanda girgiza da tsatsa da ɓera ba sa raga musu. A nan akwai wani bambanci da ya wajaba kowane mai tarakta ya san ɓangaren da tasa ta faɗa. Wani solonoyid sai da wuta yake buɗe hanyar mai, in wutar ta ɗauke ya rufe. Irin wannan, ranar da waya ta tsinke, inji zai mutu nan take, illar ta bayyana kanta, a gyara. Wani kuwa sai an aika masa da wuta sannan yake rufewa; in wayarsa ta tsinke, tarakta za ta ci gaba da aikinta lafiya lau wata da watanni, ranar da baƙin mai ya zube kuwa, ma'auni zai ba da umurni, umurnin ba zai isa ba.

Malaman wannan fanni sun ba irin wannan illa suna, suna ce mata ɓoyayyar lalacewa, kuma waɗanda suka shimfiɗa ƙa'idarta su ne Stanley Nowlan da Howard Heap, injiniyoyin kamfanin jiragen sama na United Airlines, a cikin rahoton da suka rubuta wa Ma'aikatar Tsaron Amurka a 1978. Abin da ya fito daga bincikensu game da kayan kariya shi ne, tun da aikin yau da kullum ba ya tona lalacewarsu, sai a ware musu aiki na musamman wanda manufarsa ita ce neman gawar tun kafin a buƙaci mai rai. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan ba shi da wuya, kuma na fi son mai karatu ya riƙe shi fiye da kowane suna da na ambata. Idan na'ura za ta iya mutuwa a kowace rana ba tare da sanarwa ba, ana kuma jarraba ta sau ɗaya a shekara, to a matsakaicin ƙiyasi wata shida take yi a mace kafin a gane. In a kowane wata ake jarrabawa, muddar ta koma kamar mako biyu. Jarrabawa ba ta hana na'ura lalacewa, amma tana gajarta zamanin da mutum yake aiki a kan zato alhali yana tsammanin yaƙini ne a hannunsa.

To, yaya ake jarrabawar? Sharaɗi na farko shi ne kada a jefa inji cikin hatsarin gaske don a ga ko za a cece shi. Ba a juye baƙin mai a tayar da inji, ba a kuma cire fanbel a jira ruwa ya tafasa. Abin da ake yi shi ne a sa ma'aunin ya ga alamar hatsari alhali inji yana cikin aminci. Game da ƙarfin baƙin mai, bakanike mai kula yakan ɗaura ɗan famfo mai reshe tsakanin jikin inji da ma'aunin, tare da agogon da ya amince da ingancinsa, ya tayar da inji ya bar shi ya yi ɗumi, sannan ya rufe hanyar da ke kai mai ga ma'aunin, ya riƙa sauke abin da ya rage a hankali yana kallon allura, har ya ga daidai adadin da inji ya mutu a kansa, ya gwada shi da abin da littafin kamfani ya ambata. A duk tsawon wannan, karanshaf da sauran gaɓoɓi suna shan mansu yadda aka saba. A nan ne kuma ake duba wani abu da aka cika mantawa da shi. Tun da a lokacin tayar da inji babu ƙarfin mai ko kaɗan, dole ne a dakatar da kariyar na 'yan daƙiƙoƙi, ko ta hanyar agogon jinkiri ko ta maballin da direba ke dannawa har allura ta hau. Idan agogon jinkirin ya maƙale, ko wani ya cusa tsinken ashana a gefen maballin don ya huta da riƙewa, to kariyar a dakace take har abada.

Ma'aunin zafi ya fi yaudara. Da yawa daga kanikawa, in an ce su jarraba shi, sai su cire wayarsa su taɓa ta a jikin inji, inji ya mutu, su ce lafiya lau. Abin da suka tabbatar shi ne gaɓa ta biyu da ta uku. Ma'aunin kansa, wanda shi ne yake zaune cikin ruwan zafi da tsatsa shekara da shekaru, ba a tambaye shi komai ba. Cikakkiyar jarrabawa ita ce a kwance shi, a tsoma kansa cikin mai da ake ɗumamawa a hankali, da ma'aunin zafi amintacce a gefe, domin matsayin da aka saita shi sau da yawa ya ɗara zafin da ruwa ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya. Akwai kuma wata illa da babu jarrabawar da za ta kawar da ita: idan tiyo ya fashe ruwan lagireto ya zube gaba ɗaya, ma'aunin zai tsinci kansa a fili babu ruwan da zai auna, yana iya nuna sanyi alhali kan silinda yana ƙuna. Saboda haka ne injuna masu daraja suke da ma'auni na dabam mai lura da yawan ruwa, kuma shi jarraba shi sauƙi ne, a rage ruwan da inji a sanyaye har ya sauka ƙasa da alamar.

Babbar mas'ala, wadda ta wuce asarar dukiya ta kai ga rayuka, ita ce ta injin da ya ƙwace. Idan hatimin turbo ya lalace baƙin mai ya shiga bututun iska, ko kuwa tarakta ta shiga wurin da tururin fetur ko iskar gas ya cika sarari, inji zai shaƙi abin ya ƙona shi a matsayin mai, gudunsa ya ƙaru, ƙaruwar gudu ta sa ya ƙara shaƙa, har ya wuce abin da ƙarfe zai iya ɗauka. Direba zai zare makulli ya riƙe a hannu, ƙara kuwa sai daɗa tashi take yi, farin hayaƙi ko shuɗi yana turnuƙewa daga salansa, domin man da inji yake sha a wannan hali ba ta famfo yake bi ba. Ƙarshensa ko sandar fiston ta fasa jikin inji ta fito, ko wuta ta fita ta baki ko ta salansa ta kunna tururin da ke kewaye. A ranar 23 ga Maris, 2005, a matatar mai ta Texas City a Amurka, wata motar a-kori-kura mai dizal da aka bari a kunne kusa da inda mai yake ambaliya, an ji injinta yana ta haurawa kafin wuta ta tashi, kuma hukumar da ta yi bincike ta rinjayar da cewa ita ce ta kunna gobarar. Mutum 15 suka rasu, kimanin 180 suka ji rauni. A ranar 20 ga Afrilu, 2010 kuma, a kan dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, waɗanda suka tsira sun ba da shaidar jin injuna suna ƙara gudu bayan gas ya kwararo, kafin fashewar da ta ci rayuka 11. Wanda ke da tarakta mai shiga harabar matata, ko a Kaduna ko a Damagaram, ko defon mai, ko tashar cika tukwanen gas, wannan babi nasa ne.

Maganin ƙwacewa bawul ne da ake ɗaurawa a bututun iska, mai faifan ƙarfe da ke rufewa da ƙarfin sifirin, ko da hannu, ko da umurnin ma'aunin gudu, ko kuwa da ƙarfin iskar kanta idan ta wuce kima. Tsofaffin injunan Detroit Diesel sun zo da irinsa tun daga masana'anta. Wannan bawul ne kuwa ya fi kowanne saurin maƙalewa, domin ƙura da danƙon mai suna taruwa a kan maratayarsa, ga shi ba ya motsi ko sau ɗaya a shekara in ba an motsa shi ba. Ana jarraba shi da inji a mafi ƙanƙantar gudu, don kada tsananin zuƙa ya ja hatimai ya lalata su. A sake shi, a ƙirga daƙiƙoƙi. In inji ya mutu nan da nan, madalla. In ya ci gaba da numfarfashi, to ko faifan bai zauna daidai ba, ko akwai tsaga a tiyo tsakanin bawul da inji wadda iska ke satar hanya ta ciki. Ma'aunin gudu kuma, magina sun yi masa dabara mai kyau: a kan wasu na'urorin Caterpillar akwai maballin da, in an danna, yake sauko da haddin kashewa zuwa kashi 75 cikin 100 na asalinsa, ta yadda in an saita shi, misali, a kan juyi 2,000 a minti, zai kashe inji a kan 1,500, a tabbatar da silsilar duka ba tare da an kai inji bakin halaka ba. Inda babu wannan bawul, abin da ya rage wa mutanen wurin shi ne su toshe bakin iska da katako mai faɗi ko su fesa masa tukunyar kashe gobara mai iskar kabon. Tafin hannu ko tsumma kuwa haramun ne a wannan wuri, domin inji zai haɗiye tsumman, hannun kuma ba zai dawo yadda ya tafi ba.

Kariyar direba jarrabawarta ba ta buƙatar ko sifana. Sandar da ke fitowa bayan tarakta tana juya kayan aiki, a ƙa'idar da aka fi sani, juyi 540 take yi a minti, wato tara a kowace daƙiƙa. Hannun riga ko gefen rawani in ya taɓa ta, ta nannaɗe shi kafin mutum ya ankara. A taraktocin zamani akwai makunni a ƙarƙashin kujera, kuma jarraba shi shi ne a tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja burki, a tabbata babu kowa a baya, a kunna sandar, direba ya ɗaga jikinsa daga kujera ya ga ko za ta tsaya ko inji zai mutu, gwargwadon yadda kamfani ya tsara. Haka nan makunnin da ke hana tayar da inji yana cikin giya: a taka burki da ƙarfi, a sa giya, a murɗa makulli, bai kamata kik ya amsa ba. Wannan ne makunnin da ake tsallakewa duk lokacin da yaron bakanike ya tsaya a ƙasa, tsakanin tayar gaba da ta baya, ya haɗa ƙarafan kik da sukundireba. In taraktar tana cikin giya, babbar tayar baya tana daidai inda yake tsaye.

Jarrabawa kanta tana da nata hatsarin, kuma ban ga an ba shi muhimmancin da ya cancanta ba. Wanda ya cire waya, ko ya rufe ɗan famfo, ko ya danna maballin gwaji, ya dakatar da kariya da hannunsa, kuma aikinsa bai cika ba sai ya mayar da komai mazauninsa ya tabbatar. A ranar 11 ga Disamba, 2005, wani babban tankin fetur ya cika ya tumbatsa a defon Buncefield a Ingila, aka yi fashewar da ta ji wa mutum fiye da 40 rauni. Bincike ya nuna cewa makunnin da ya kamata ya tsayar da zuba man yana da wani hannun gwaji wanda sai an sa masa kwaɗo yake zama a matsayin aiki, kwaɗon kuwa ba ya nan. Ba tarakta ba ce, amma illar iri ɗaya ce da ta bakaniken da ya manta ɗan famfonsa a rufe, ma'auni yana riƙe da tsohon ƙarfin mai yana shaidar lafiya.

Ba kuma kowane hali ne kashe inji yake zama maslaha ba, don haka wajibi ne mai jarrabawa ya san abin da aka nufi na'urarsa ta yi kafin ya yanke mata hukunci. Tarakta mai jan kaya a kan gangara, in injinta ya mutu farat ɗaya, sitiyari zai yi tauri, burki ma yana iya raunana, mafsadar ta fi ta ƙonewar inji. Shi ya sa injunan da kwamfuta ke sarrafawa suke bin mataki mataki: fitila da ƙararrawa tukuna, sannan rage ƙarfi, sannan kashewa bayan ɗan jinkiri, wasu ma da maballin da direba zai danna ya sami damar kaucewa daga kan hanya. Injin famfon kashe gobara kuwa, a ƙa'idar Amurka, ba a yarda zafi ko ƙarancin mai su kashe shi yana tsakiyar gobara ba, sai ƙwacewar gudu kaɗai. Kwamfuta ta kawo sauƙi, domin tana gane waya tsinkakkiya ta rubuta lambar illa, amma ba ta iya sanin cewa faifan iska ya yi tsatsa, sai an sake shi an gani.

A ƙasashenmu akwai ƙarin nauyi. Yawancin manyan injunan da ke aikin hanya da gona na hannu ne, sun zo daga Turai ko Amurka ba tare da littafinsu ba, bayan sun bi ta hannun mutane da dama. Ƙurar hunturu tana shiga kowace mahaɗa, zafin bazara yana busar da robar waya har ta tsattsage, sai na'ura ta fara kashe inji ba gaira ba dalili, sau biyu sau uku a yini. Mai tarakta yana lissafin awa, ɗan kwangila yana jiran aiki, sai a kira bakanike a ce, malam, yi mana dabara mu ƙarasa. Shi kuma ya haɗe wayoyin kai tsaye da niyyar gyarawa gobe. Ba na ɗora laifin a kan bakanike kaɗai, domin an nemi abu a wurinsa ya yi. Nauyin yana kan wanda ya ga farashin sabon ma'auni ya yi yawa, bai auna shi da kuɗin karanshaf da fiston da watannin da tarakta za ta yi a gareji ba, balle ran direban da Allah ya sa a ƙarƙashin kulawarsa. Na'urar da ke kashe inji ba bisa haƙƙi ba tana da illa da ake iya ganowa, ko mahaɗa ce ta saki, ko saiti ya goce, wani lokaci ma gaskiya take faɗa, lagireto ne ya toshe da ƙaiƙayi.

Game da tazarar jarrabawa, littafin kamfani shi ne madogara, in an same shi. In ba a samu ba, sai a yi ijtihadi bisa girman hatsarin da tsananin wurin aiki. Fitilun gargaɗi da makunnin kujera da na giya, direba ne zai duba su kafin ya fara aiki, tun da minti biyu sun ishe shi. Bawul ɗin iska, ga taraktar da ke shiga wurin mai da gas, ya cancanci a riƙa motsa shi a kai a kai, kuma lalle kafin shiga irin wannan wuri. Ma'aunan mai da zafi da gudu a haɗa su da babban sabis, a kuma maimaita bayan duk wani gyara da ya taɓa waya ko famfon mai. Kowace jarrabawa a rubuta ta a littafin da ke zaune tare da taraktar: kwanan wata, da awar da agogo ya nuna, da adadin da na'urar ta kashe inji a kansa, da sa hannun wanda ya yi. Rubuta adadin ya fi rubuta kalmar lafiya amfani nesa ba kusa ba, domin in aka ga ma'aunin zafi yana ɗan haurawa daga sabis zuwa sabis, an san ya fara gocewa, a canja shi tun yana aiki. In kuwa lalura ta tilasta a tsallake wata kariya don a fitar da tarakta daga daji zuwa gareji, sai a rataya takarda a kan sitiyari mai bayyana abin da aka cire, da wanda ya ba da izini, da ranar da za a mayar, a kuma ajiye mutum a kan kujera yana kallon agoguna har a isa.